Ra'ayinmu: Soyayyar da Ba Ta da Unguwa

A birnin Landan na ƙasar Ingila akwai wata shuɗiyar ƙofa, a gida mai lamba 280 kan titin Westbourne Park, wadda mutane kan taso daga ƙasashe masu nisa domin kawai su tsaya a gabanta a ɗauke su hoto. Sarki bai taɓa kwana a gidan nan ba, ba a kuma binne wani shehin malami a cikinsa ba. Dalilin dai shi ne, a cikin fim ɗin Notting Hill na 1999, wani wasan soyayya mai ban dariya, nan aka nuna a matsayin gidan saurayin, watau wani mai sayar da littattafai da Hugh Grant ya fito a madadinsa, wanda ya faɗa son wata shahararriyar 'yar wasa da Julia Roberts ta fito a madadinta. Bayan fim ɗin ya yi tashe sai aka cire ƙofar aka yi gwanjonta, aka sa baƙa a gurbinta. Masu ziyara ba su daina zuwa ba. Daga baya aka sāke shafa wa sabuwar ƙofar shuɗin fenti, ta koma kamar yadda idon 'yan kallo ya san ta.

Mu da muka tashi da kallon fina-finan Indiya mun fi kusa da wani misalin. Fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda Shah Rukh Khan da Kajol suka fito a ciki, an ɗauki wani sashe nasa a ƙauyukan duwatsun Suwizalan, irin su Saanen da Zweisimmen. Tun daga lokacin Indiyawa suke tururuwa zuwa can, ango da amarya, suna neman gadar da aka yi rawa a kai da tashar jirgin ƙasan da aka tsaya. Abin ya kai har a 2016 aka kafa mutum-mutumin Yash Chopra, mai kamfanin da ya shirya fim ɗin, a garin Interlaken, don godiya bisa baƙin da fina-finansa suka jawo wa ƙasar.

To, 'yan'uwa ɗalibai, ga tambayar da ta sa muka ɗauko wannan zance. Fiye da shekara talatin ke nan ana yin fim na bidiyo da Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, kuma mafi yawan abin da aka yi labarin soyayya ne, da waƙa da rawa da barkwanci. Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. Daga nan Yakubu Lere ya shirya Wasila, wanda Ali Nuhu da Wasila Isma'il suka fito a ciki, fim ɗin da a farkon shekarun 2000 da wuya ka shiga gidan da ba a san shi ba. A 2007 kuma, sa'ad da hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano ta tsananta dokokinta har aka dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni, 'yan wasa da masu shiryawa da dama Kaduna suka nufo da kayan aikinsu. Amma in baƙo ya sauka yau ya ce a kai shi ya ga inda aka ɗauki fim ɗin soyayyar da ya fi so, ina za a kai shi? Wace ƙofa za a nuna masa, wane titi, wace bishiya?

Ku gwada da kanku. Ku tambayi wanda ya fi kowa kallo a ɗakin kwananku ya faɗa muku fim goma na soyayya. Zai rera muku waƙoƙinsu, ya kwatanta muku kayan da jarumar ta sa, ya maimaita baƙar maganar da uwar miji ta yaɓa wa amarya. Ku ce ya faɗi sunan unguwa ɗaya tak da ya gane a ciki, sai ku ga ya yi shiru. Abin da yake iya tunawa shi ne falo mai manyan kujeru, da get na ƙarfe, da mota a harabar gida, da wani lambu mai furanni inda ake zagaya bishiya ana waƙa. Wannan falo kuwa ko a Barnawa yake, ko a Malali, ko a Nasarawa ta Kano, ko a Abuja, ba wanda zai iya rantsewa. Masoyan cikin fim ɗinmu suna da iyaye da kishiyoyi da maƙiya, amma ba su da unguwa.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba mu ce masu shirya fim ba su da hanzari ba. Wanda yake da 'yan kuɗi kaɗan da kwanaki ƙididdigaggu ya fi samun sauƙi ya kama hayar gida guda, ya rufe get, ya ɗauki rabin labarinsa a ciki. A kan titi kuwa akwai ƙarar babura da ke ɓata sauti, akwai yara da za su yi dafifi a gaban na'ura, akwai masu tsaro da za su nemi takarda, akwai zauna-gari-banza da za su nemi na goro. Akwai kuma kwaikwayon Indiya, inda aka ɗauko lambun aka bar garin. Sa'an nan wasu za su ce ɗan kallo talaka ne, ya gaji da ganin kwata da lungu, ya biya kuɗinsa ne don ya ga daular da ba shi da ita. Duk mun ji. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba, wanda ya shafi Kaduna musamman, shi ne kogin nan da ya ratsa tsakiyar gari.

Kowa ya san abin da ya faru a watan Fabrairu da na Mayu na 2000, sa'ad da rikici kan batun shari'a ya ci rayuka masu yawa, da abin da ya biyo baya a watan Nuwamba na 2002, da kuma na bayan zaɓen 2011. Mutanen da suka yi shekaru suna maƙwabtaka suka kwashe kayansu, wasu suka sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu suka yi musaya. Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kirista da yawa suka koma kudu, har 'yan gari suka riƙa yi wa sassan biyu laƙabi da sunayen garuruwa masu tsarki, ana dariya amma ciki na ciwo. Yawancin masu karanta wannan mujalla an haife su ne bayan wannan rabuwa. A cikinmu akwai wanda ya girma a Unguwar Sarki ko Kawo, ya san Kano da Abuja sarai, amma bai taɓa sauka daga mota a Sabon Tasha ba. Akwai kuma wadda ta girma a Narayi ko Unguwar Romi da ba ta san hanyar Rigasa ba sai ranar da za ta hau jirgin Abuja. Fim ɗin da ba ya ambaton unguwa ya huta da amsa tambayar ko a wane ɓangaren kogi masoyansa suke zaune.

Alhali kuwa in wurin ɗaukar labarin soyayya ake nema, da wuya a samu a duk Arewa inda ya kai kudancin kogin Kaduna. Mu fara daga bakin gada. Da ka haye daga wajen filin wasa na Ahmadu Bello, kafin ka yi nisa za ka tarar da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, mahaɗar da layin Ikko zuwa Kano ya gamu da layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafancan. Jirgin nan shi ya haifi garin, domin albarkacinsa da na ruwan kogi ne Turawa suka taso da hedkwatarsu daga Zungeru zuwa nan a 1917, a ƙasar da Gbagyi suke zaune tun da can. Ta wannan tasha iyaye da kakannin da yawa daga cikinmu suka shigo Kaduna da akwatin ƙarfe a ka. Wane irin ban kwana ne ba a yi a dandamalin nan ba, wace irin tarba ce ba a yi ba? Indiyawa sun mai da tashar jirgi wurin da masoya ke rabuwa su kuma sadu, har ta zama kamar tambarinsu. Mu tamu tana nan, tun da sabon jirgin Abuja ya fara aiki daga Rigasa a 2016 ma sai ta ƙara komawa gefe a zukatan matasa.

Gaba kaɗan sai Kakuri da Makera. A nan ya kamata mu ɗan dakata, don nan ne zuciyar maganar. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ya sani da KTL, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Sauran suka biyo baya a shekarun 1960: Nortex, da United Nigerian Textiles, da Arewa Textiles wadda Japanawa suka sa hannu a cikinta. A 1964 aka kafa masana'antar kayan yaƙi ta DICON. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan, kuma Fijo 504 da ta zama alamar babban ma'aikacin gwamnati a duk Nijeriya daga Kakuri take fitowa. A 1980 aka buɗe matatar mai can gaba ta hanyar Kachia. Audugar Funtuwa da Gusau takan shigo a dunƙule ta fita atamfa da yadi. Dubun dubatar ma'aikata ne suke cin abinci a wannan yanki: Bahaushe da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Igala da Banufe da Bayarabe da Ibo da mutanen Bendel ta da. Ɗaya daga cikinsu, Adams Oshiomhole, daga Arewa Textiles ya fara, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, daga bisani ya zama gwamnan Edo.

Ku tambayi duk wani dattijo da ya yi zamanin nan yadda Kakuri take in an tashi daga aiki. Masu fita da masu shiga su haɗu a bakin get, kekuna su cika titi, masu tuwo da masu ƙosai da masu shayi su jeru, ƙarshen wata kuma kasuwa ta cika ta batse. Gidan haya guda, ɗaki-ɗaki, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya; mai salla yana alwala a ƙofar ɗakinsa, maƙwabcinsa yana goge takalmin zuwa coci. Hausa ce harshen da ya haɗa su duka, irin Hausar nan ta bariki da marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, ya riƙa ba mutane dariya da ita a rediyo da talabijin na Kaduna. A irin wannan zama ai dole a yi soyayya, kuma dole ta zo da abin dariya: saurayin da ya ari kwat ɗin abokinsa ya je zance, budurwar da ta ƙi mai keke tana jiran mai Vespa, surukin da ba ya jin yaren surukinsa sai an nemo tafinta, mai gidan haya da ya san sirrin kowa. An yi aure tsakanin ƙabilu a unguwannin nan, an yi har tsakanin addinai, kuma 'ya'yan da aka haifa suna cikin ajinmu a yau. Ba sai marubuci ya ƙago komai ba. Ya je ya zauna ya saurara kawai.

Sa'an nan abin ya rushe. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi wuya, aka buɗe ƙofa ga yadin waje, na fasa-ƙwauri kuma ya malalo daga Sin ta kan iyakoki. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan shekaru, kuma tsofaffin ma'aikatanta sun shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa har suka riga mu gidan gaskiya. Ku lura da shekarun. Lokacin da garin yake rabuwa gida biyu, a lokacin ne kuma wurin da ya fi haɗa mutanensa yake mutuwa. Matashin da da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda ba addininsu ɗaya ba a gaban injin saƙa, sai ya tashi ba aiki, ba kuma inda zai gamu da shi.

Wani zai ce, a cikin wannan hali na tsadar karatu da rashin aikin yi, me ya kai mujallar ɗalibai ga zancen fim ɗin soyayya? Amsarmu ita ce, abin da ido ya saba gani shi zuciya take sakin jiki da shi. Dubi abin da ya faru da Bauci. A 2018 aka fito da Up North, wanda Tope Oshin ta ba da umarni, labarin ɗan wani attajirin Ikko da aka tura Bauci hidimar ƙasa ba da son ransa ba. Banky W da Adesua Etomi da Rahama Sadau, 'yar Kaduna, suna ciki. Fim ɗin yana da nasa rauni, ya kalli Arewa da idon baƙo, ya kuma yi wa gwamnati kwalliya fiye da kima. Amma ya kira Bauci da sunanta, ya nuna titunanta da hawan dawakinta da dajin Yankari, gwamnatin jihar ta wancan lokaci kuma ta ba da goyon baya. Ɗan kudu da bai san komai game da Bauci ba sai labarin tashin hankali, ya ga gari da mutane suna zaune suna dariya. Abin kunya ne a ce sai an taso daga Ikko za a nuna mana yadda ake sa sunan garin Arewa a fim.

Amma fa kada a ɗauka muna cewa a kwaikwayi Landan ido rufe. Unguwar Notting Hill ta ainihi mazaunin baƙaƙen fata ce 'yan tsibiran Karebiyan, waɗanda aka far musu a tarzomar 1958, waɗanda kuma suka kafa babban bikin titi da unguwar ta yi suna da shi. Da fim ɗin ya fito, masu suka sun lura cewa da ƙyar za ka ga baƙar fuska a cikinsa. An ɗauki titunan, an share mutanen. Gidaje suka ci gaba da tsada har talaka ya kasa zama, kantin littattafan da ya ba marubucin fim ɗin tunanin labarinsa ya rufe a 2011, masu gidaje kuma suka gaji da baƙin da ke hawa matakalarsu suna ɗaukar hoto ba sallama. In aka zo Kakuri aka ɗauki bangon masaƙa da ya tsage don ya yi kyau a bayan mai waƙa, aka bar gwauruwar ma'aikacin da ke soya ƙosai a gindinsa ba a ko gaishe ta ba, to an ci amanar wurin, gara ma a koma falo.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Masu shirya fim su riƙa rubuta sunayen wuraren da suka yi ɗauka a ƙarshen fim, unguwa-unguwa, kamar yadda suke jera sunayen masu kwalliya da masu abinci. Wannan ko kwabo ba zai ci musu ba. Su bar jarumi ya ce Barnawa zan je, ko a Television nake, ya hau Keke Napep ya haye gada a idon 'yan kallo. Gwamnatin jiha, wadda ta kashe kuɗi mai yawa wajen sababbin tituna da gadar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa a zamanin Nasir El-Rufa'i, ta sauƙaƙa wa mai fim samun izinin ɗauka a titi a ofis guda, kada a yi ta tura shi daga tebur zuwa tebur. Mun ga yadda shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta Jihar Kano ya wargaje a 2016 saboda ba a shawo kan jama'a ba tun farko. Kaduna ba ta bukatar a gina mata ƙauyen ƙarya, tana da gari na gaske. Gidan talabijin na NTA Kaduna kuma, wanda ya gaji tashar da aka buɗe tun 1962, ya buɗe wa ɗalibai ma'ajiyarsa. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja ya bi shi a 2023, kuma a cikin wasannin da suka bari akwai fuskar Kaduna ta wancan zamani da ya kamata a kwafe a adana a Gidan Arewa ko a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke nan garin.

Namu aikin, mu ɗalibai, ya fi sauƙi, ya kuma fi wuya. Zumunta a ƙafa take. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da na Hausa da na tarihi su haɗa kai su shirya fita ta yini guda, daga tashar jirgi zuwa Kakuri, a ɓulla Barnawa, a ƙare a Sabon Tasha. Ba ma raina tsoron iyayen da za su ce kada a je, domin sun ga abin da ba mu gani ba. Don haka a tafi da rana, a sanar da masu unguwa tun kafin ranar, kuma 'yan ajinmu da suke zaune a can su ne za su zama masu masaukin baƙi da 'yan jagora, a ci abinci a gidajensu. Kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. A nemi tsofaffin ma'aikatan masaƙa a zauna da su, a tambaye su yadda suka sadu da matansu, nawa ne albashinsu na fari, wace waƙa ake yayi a lokacin; a naɗi muryoyinsu da wayar da ke aljihun kowa. A wani zangon karatun kuma sai a juya, 'yan kudu su hayo, a zaga da su Tudun Wada da Unguwar Shanu da Kawo, a kai su lambun Gamji su taka gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru.

Ku kuma matasan ma'aikata da kuka fara zama a ofisoshin yaɗa labarai da al'adu da tsara birane, fayilolin filayen tsofaffin masaƙun nan ta teburinku za su bi in an tashi sayarwa ko rushewa. Kafin ku sa hannu, ku tambaya ko an ɗauki hoton wurin, ko za a bar get ɗaya da bututun hayaƙi ɗaya a tsaye. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk wanda ya rubuto gajeren labari ko wasan kwaikwayo da ya faru a wata unguwa ta Kaduna mai suna, kuma za mu fara buga waɗanda suka fito daga Kakuri da Makera a fitowa ta gaba.